Lambobin Mazan Jiya

Sharhinmu na yau a kan wani abu ne ƙarami, wanda bai cika tafin hannu ba, wanda kuma yake kwance a ƙasan akwatunan tsofaffi cikin gidaje masu yawa, tun daga Sakkwato har Yola, tun daga Damagaram har zangon Kumasi, watau lambobin yaƙi waɗanda hukumomin zamanin da suka rataya a ƙirazan iyayenmu da kakanninmu da suka yi aikin soja, waɗanda muke kira mazan jiya. A ƙasashen Turai tara waɗannan lambobi da tantance su ya zama fanni mai zaman kansa, yana da malamansa da littattafansa da dillalansa, har akwai gidajen gwanjo a birnin Landan waɗanda suka ƙware a wannan sana'a, kuma wanda ya duba kundayen da suke bugawa zai riƙa cin karo da sunayen mutanenmu, an rubuta lambar aikin mutum da muƙaminsa da bataliyarsa, an yanka wa abin farashi. Alhali kuwa a nan gida, inda masu lambobin suka rayu suka kuma rasu, sau da yawa ƙarshen lambar shi ne hannun yara masu wasa, ko buhun 'yan gwangwan, ko wutar maƙerin farfaru wanda zai narkar da azurfarta ya ƙera zobe.

Malamanmu na hadisi sun koya mana cewa kowace riwaya tana da sassa biyu, akwai matani, shi ne maganar kanta, akwai kuma isnadi, shi ne jerin mutanen da maganar ta biyo ta hannunsu, kuma matani komai kyansa idan isnadinsa ya yanke, to, hujjarsa ta raunana. Haka al'amarin lambar yaƙi yake. Ƙarfen da ƙyallensa su ne matani, sanin wanda aka ba, da inda ya tsaya, da hannayen da abin ya bi har ya iso gare mu, shi ne isnadi. Kuma abin da nake so in tabbatar a zukatanku yau shi ne, ƙarfe ana iya sayensa a kasuwa ko yaushe, amma isnadin nan a cikin gidajenmu kaɗai yake, a bakin tsofaffin da suka rage, kuma idan ya tafi babu kuɗin da zai komo da shi.

Bari mu fara da yadda ake karanta lambar kanta, domin abin ba shi da wuya ga wanda ya natsu. Galibin lambobin da Ingila ta bayar zagayayyu ne, faɗinsu milimita 36, kuma a fuskarsu akwai kan sarkin da ke mulki a lokacin, wanda shi ne farkon abin da zai nuna maka zamani. Kan mace tsohuwa mai lulluɓi, Sarauniya Biktoriya ce, wadda ta rasu a 1901. Idan namiji ne mai gemu, ko dai Sarki Edwad na Bakwai ne, wanda ya yi mulki daga 1901 zuwa 1910, ko kuwa ɗansa Joji na Biyar, daga 1910 zuwa 1936, kuma sunan da ke kewaye da kan zai raba maka gardama. Wanda ba shi da gemu shi ne Joji na Shida, sarkin zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya rasu a 1952 'yarsa Elizabet ta gaje shi.

Bayan ka ga fuska, sai ka juya lambar a kan gefenta, ka kai ta wajen haske, ka dubi kaurin bakinta, domin a nan ne dukiyar take. A lambobin da aka bayar kafin yaƙi na biyu, hukuma takan buga lambar aikin soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa a kewayen bakin nan da ƙananan haruffa. Za ka ga PTE, watau farabiti, ko CPL, kofur ke nan, ko SJT, saje. Za ka ga haruffan WAFF, sunan rundunar Afirka ta Yamma wadda Gwamna Lugga ya fara haɗawa a 1897, kuma idan ka ga an ƙara harafin R a gabansu, to, abin bayan 1928 ne, domin a shekarar nan aka jingina rundunar ga gidan sarautar Ingila. Haka nan idan rubutun ya ambaci rajimantin Nijeriya ta Arewa shi kaɗai, to, aikin ya gabaci 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu aka kuma haɗe sojojinsu. Amma fa mai neman kakansa a nan sai ya yi haƙuri da akawunan bariki, saboda sun kasance suna rubuta sunan yanka na kurtu su liƙa masa sunan garinsu ko na ƙabilarsu, ya zama Audu Kano ko Musa Bauci, ba tare da sunan uba ba, sa'an nan su rubuta shi yadda kunnensu ya ji, Muhammadu ya koma Momadu, Audu ya koma Awudu. Saboda haka lambar aiki ta fi suna ƙarfi wajen tahakiki, domin Audu Kano yana iya kai goma a bataliya guda, amma lambar aiki ta mutum ɗaya ce, kuma da ita ake bin sawunsa cikin kundayen rabon lambobi waɗanda har yanzu suke ajiye a gidan adana takardun gwamnatin Ingila da ke Kew, a gefen Landan.

Sai ƙyallen da lambar ke rataye da shi, wanda jahili yake ɗauka ado ne kawai, alhali kowane yaƙi da irin ratsinsa, har masani yakan hango ƙirjin tsohon soja daga nesa ya faɗa maka fagagen da ya halarta tun bai ga ƙarfen ba. A bisa ƙyallen kuma wani lokaci akan gicciya wani ɗan siririn ƙarfe mai ɗauke da sunan wuri da shekara, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, domin akwai wata lamba wadda ta shafe mu fiye da kowace. A 1902 aka ƙago lambar aikin soja a Afirka, ta azurfa, mai ƙyalle rawaya da baƙin gefe da siraran ratsi biyu kore, kuma ba a ba da ita sai da ƙarfen gicciye. Cikin waɗannan akwai mai rubutun N. NIGERIA 1903. Wannan ɗan rubutu, jama'a, shi ne cin Kano ranar 3 ga Fabrairu, shi ne cin Sakkwato ranar 15 ga Maris, shi ne kuma Burmi ranar 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada tare da jama'a masu yawa waɗanda suka bi shi da niyyar hijira zuwa gabas. Akwai kuma mai rubutun N. NIGERIA 1906, shi kuwa na Satiru ne da Haɗeja, inda Sarkin Haɗeja Muhammadu ya faɗi a cikin garinsa. Abin da ke da nauyi a zuciya shi ne, idan ka juya bakin irin waɗannan lambobi, mafi yawan sunayen da za ka karanta sunayenmu ne, domin hafsoshi ne kaɗai da 'yan tsirarun sajoji suke Turawa, masu riƙe da bindigogin Hausawa ne da Yarabawa da sauran 'yan ƙasa.

To, yaya mutum zai yi idan ya sami irin wannan a akwatin gidansu? Na san akwai wanda zai ji kunya ya ɓoye, akwai wanda zai ji haushi ya jefa a rijiya. Ra'ayina shi ne duka biyun kuskure ne. Ba a ajiye shaida don ta faranta rai, ana ajiye ta ne don ta faɗi abin da ya faru, kuma tarihin da aka tsince masa abin da ke da ɗaci ya zama tatsuniya. Mutanen nan da suka shiga aikin Nasara a farkon ƙarnin da ya shige, waɗansunsu bayi ne da suka gudo, waɗansu yunwa ta koro su, waɗansu neman abin duniya ya kawo su, hisabinsu yana wurin Allah, amma sanin ko su wane ne, daga ina suka fito, yana daga cikin sanin yadda aka ci ƙasar nan. Ku dubi abin da ya auku a Kwatarkwashi cikin Fabrairun 1903, inda wata ƙaramar ƙungiya ta sojan doki ta gamu da mayaƙan Kano, Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada. Hafsan da ya jagoranci ƙungiyar, Laftanan Wallace Wright, an ba shi Kuros ɗin Biktoriya, lambar jarunta mafi girma a Ingila, wadda aka ƙago tun 1856, sunansa yana cikin littattafai har gobe. Waɗanda suka tsaya tare da shi, ba mai tuna su sai wanda ya karanta bakin lambobinsu. Waɗanda suka faɗi a ɗaya ɓangaren kuwa babu hukumar da ta buga musu ƙarfe, abin da ya riƙe sunayensu shi ne riwayar zuriyarsu da rubutun malamai, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa al'ummar da ba ta tsare labarinta da kanta, ƙarfen wasu ne zai riƙa magana a madadinta.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya an kai sojojinmu Togo da Kamaru, inda Garwa ta faɗi a 1915, dutsen Mora kuma ya ƙi ciwuwa har Fabrairun 1916, daga bisani aka ɗebe su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas. Lambobin wannan yaƙi uku ne da suka fi yawa: tauraro na tagulla mai takubba biyu a gicciye da shekarun 1914-15, wanda sunan mai shi ke bayansa, da ta azurfa mai hoton mahayin doki, ƙyallenta ruwan goro a tsakiya, da lambar nasara mai ƙyalle launin bakan gizo. Waɗannan na halarta ne, duk wanda ya je fagen ya samu. Lambobin jarunta dabam suke, su ne ake taƙaita sunansu da haruffan DCM da MM, ba a ba da su sai don wani aiki ayyananne a rana ayyananna, kuma akan buga sunan wanda ya samu a jaridar gwamnatin Ingila. Alhaji Grunshi, na rajimantin Gwalkwas, watau Gana ta yau, wanda ake lissafa shi a matsayin sojan Ingila na farko da ya harba bindiga a yaƙin nan, a ƙasar Togo cikin Agustan 1914, ya sami duka biyun. Akwai kuma Samanja Chari Maigumeri, mutumin Barno, wanda ya fara aikin soja a hannun Jamusawa a Kamaru, aka kama shi a Garwa, ya shiga rajimantin Nijeriya a 1917, ya halarci yaƙi na biyu a Habasha da Bama, ya sami lambar MM, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Jerin lambobin mutum irin wannan, idan yana haɗe wuri guda, tarihin shekara arba'in ne a kan ƙirji ɗaya.

Lambobin da suka fi yawa a gidajenmu dai su ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Taurari ne masu tsini shida, na tagulla, da kambi da haruffan sunan Sarki Joji na Shida a tsakiya, duk kamarsu ɗaya, sai rubutun da ke kewaye da ƙyallen su ke bambanta su. Tauraron Afirka ƙyallensa launin rairayi ne, da jan ratsi mai faɗi a tsakiya, da siririn shuɗi mai duhu a gefe ɗaya, mai haske a ɗaya gefen. Wanda ya samu cikin mutanenmu, galibi yana cikin waɗanda suka yaƙi Italiya, kamar birged ta 23 ta Nijeriya wadda ta shiga Mogadishu cikin Fabrairun 1941 ta kuma kutsa har Harar ta ƙasar Habasha. Tauraron Bama kuwa ja ne a tsakiya, da shuɗi mai duhu a gefe biyu, kowane gefe da ratsin ruwan goro, kuma an ba da shi ga wanda ya yi aiki a fagen nan tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Tare da su akan sami tauraron 1939-45, da lambar tsaro mai ƙyalle kore da ruwan goro da siraran baƙaƙen ratsi, da lambar yaƙi mai hoton zaki a tsaye bisa wani dodo, wadda kwana 28 na aiki ya isa a same ta. Idan ka ga ɗan ganyen tagulla a liƙe a ƙyallen wannan ta ƙarshe, kada ka cire shi, alama ce ta cewa babban kwamanda ya ambaci sunan mutumin a cikin rahotonsa.

A nan ne fa matsalar take, kuma saboda ita na ɗauko maganar nan tun farko. Ingila ba ta buga suna a kan taurari da lambobin halarta na yaƙi na biyu ba. Indiya da Ostireliya da Afirka ta Kudu sun buga wa nasu, amma wanda aka miƙa wa mutumin Gumel ko na Azare, bayansa sumul yake, ba suna ba lamba. Ma'ana, Tauraron Bama na wanda ya ratsa kwarin Kaladan da ƙafa tare da runduna ta 81, cikin daji da ruwan sama da zazzaɓi, ana jefo musu abinci daga jirgin sama, ba shi da wani bambanci a ido da dubban irinsa da ke zube a shagunan Landan a kan kuɗi kaɗan. Ranar da tauraron nan ya fita daga gidan mai shi ba tare da takarda ba, ya zama guntun tagulla, babu masanin da zai iya mayar masa da sunansa har abada. Shi ya sa duk wani abu da aka tarar tare da lambar yake da daraja kamar lambar, ko ma fiye: littafin sallama mai ɗauke da lambar aiki da ranar shiga da ranar fita, katin fansho, hoto cikin kaki da jar dara, wasiƙar da aka rubuto daga Indiya da boko ko da ajami, bajen hula mai hoton itacen kwakwa, da ɗan ƙyallen kafaɗa. Ƙyallen kafaɗar nan kaɗai yana iya gaya maka runduna, domin baƙin gizo-gizo a kan rawaya alamar runduna ta 81 ce, māsu biyu a gicciye bisa gammo kuwa ta runduna ta 82 ce, kuma an sa gammon ne don girmama masu ɗaukar kaya a ka, waɗanda da su rundunonin nan suka bi hanyoyin da mota ba ta shiga. Rundunonin biyu sun haɗu suka ci Myohaung cikin Janairun 1945. Akwai kuma bataliyoyin Nijeriya uku da suka shiga bayan layin Japan a 1944 tare da dakarun da ake kira Chindit. Matasa da yawa suna wuce barikin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Dodan da Arakan a Ikko, ba su san cewa sunayen nan daga fagen Bama aka kwaso su ba. Waɗanda ba su komo ba kuwa, da yawansu sunayensu suna sassaƙe a ginshiƙan maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Rangun, cikin sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba.

'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da arewacin Kamaru, waɗanda iyayensu suka yi wa Faransa soja, su ma wannan hukunci ya hau kansu, domin Faransa ba ta saba buga suna a kan lambobinta ba, takardar shaida take bayarwa tare da su, sai kuma littafin aikin soja. Lambar soja mai ƙyalle rawaya da koren gefe, wadda aka ƙago a 1852, tana da girma ƙwarai a wurinsu. Kuros ɗin yaƙi, na tagulla mai takubba biyu, an ƙago shi a 1915. Na yaƙi na ɗaya ƙyallensa kore ne da jan ratsi, na 1939 kuwa ja ne da koren ratsi, kuma ƙananan taurari ko ganyen dabino da ke kan ƙyallen su ke nuna matakin da aka yaba wa mutum, ganyen dabino shi ne mafi ɗaukaka. Lambar ƙasashen mallaka ta 1893 ita ma tana da ƙarafan gicciye, wanda ya ga an rubuta Koufra a kai, ya san mai ita yana cikin waɗanda suka tashi daga Chadi tare da Leclerc suka ci wannan dausayi na Libiya a Maris 1941. Bayan mulkin kai kuma ƙasashenmu sun buga nasu. A Nijeriya akwai lambar samun 'yanci ta 1960, da lambar Majalisar Ɗinkin Duniya ta aikin Kwango daga 1960 zuwa 1964, da na yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da na aikin ECOMOG a Laberiya da Saliyo. Masu waɗannan da yawansu suna nan da ransu, ana iya zama da su yau a rubuta daga bakinsu.

Duk inda abu ya yi daraja, algus yana biye da shi, saboda haka wanda ya shiga sha'anin tara lambobi sai ya buɗe ido. Lambar gaskiya bugawa ake yi da inji mai nauyi, shi ya sa gashin gemun sarki da haruffanta suke fitowa tsaf. Ta jabu kuwa zubi ce, za ka ga zanenta ya dushe, da ƙananan ramuka a jikinta, wani lokaci da layin haɗi a bakinta, nauyinta kuma bai cika ba. Ha'incin da ya fi wannan muni shi ne a ɗauki lambar gaskiya a goge sunan da ke bakinta da zarto, a sassaƙa sunan wani wanda ya shahara domin farashi ya hau. Ana gane wannan ta wurin auna faɗin lambar, domin inda aka goge yakan ragu, da kuma duban haruffa da gilashin ƙara girma, a gwada su da na wata lamba ta zamani ɗaya wadda ba a shakkarta. Mai yin haka ya haɗa laifi biyu, ya cuci mai saye, ya kuma shafe sunan wani bawan Allah daga abu ɗaya tak da ya rage yana ɗauke da shi. Wanda kuma ya rataya lambar da bai yi wa aiki ba ya shiga taro don a girmama shi, ya yi shaidar zur da ƙirjinsa. Al'adar sojan Ingila ita ce mai lamba ya sa ta a hagu, ɗa ko jika kuwa idan zai sa ta don tunawa da mahaifinsa sai ya sa a dama, kowa ya san ba tasa ba ce.

Game da adana, kuskuren masu kyakkyawar niyya ya fi yawa. Kada a goge lamba da toka, ko yashi, ko lemun tsami, ko man goge tagulla, domin kowace guga tana cin zanen, kuma duhun nan da shekaru suka sa mata ba datti ba ne, masana sun fi son ganinsa. Tattausan ƙyalle busasshe ya isa. Kada a yar da tsohon ƙyallenta don ya koɗe, ko da an sa sabo a ajiye na asali tare da ita. A naɗe kowace cikin farin ƙyallen auduga, a nisanta ta da leda da laimar damina, takardun kuma a tsare su daga gara, a ɗauki hotonsu tun suna karantuwa.

Wurin da aka fi yin asara shi ne ranar rabon gado. Tsoho ya bar lambobi biyar da 'ya'ya biyar, sai a ga adalci shi ne kowa ya ɗauki ɗaya, littafin sallama kuma ya bi wani na shida, ta haka labari guda ya tsage gida shida, bayan shekara ashirin ba wanda ya san na wane ne. Hukuncin mirasi na malamai ne, ba ni da ta cewa a kansa, amma sulhu tsakanin magada ƙofa ce buɗaɗɗiya: a ƙiyasta kuɗin lambobin, ɗaya ya riƙe su a haɗe bisa yardar saura, a matsayin amanar gidan duka. Masu ƙyamar abin saboda hoton sarki da ke jiki, su tuna cewa sulallan da iyayenmu suka yi ciniki da su, suka fitar da zakka da su, suka biya sadaki da su, kan sarkin nan ne a jikinsu. Ajiye shaida ba girmama hoto ba ne. Wanda kuma ya tsinci lamba mai suna, ko ya same ta a tarkacen kasuwa, ya san cewa littattafan fiƙihunmu sun ɗora wa mai tsintuwa yin cigiya har shekara, kuma cigiyar abin da sunan mai shi ke rubuce a bakinsa ta fi kowace sauƙi, ofishin ƙungiyar mazan jiya na jiha ko fadar hakimi sun isa a fara da su.

Ba na zargin Baturen da ya sayi lambar kakanmu ya adana ta, ya bincika kundaye ya rubuta tarihinta, domin ya yi abin da mu ya kamata mu yi. Abin da nake fata shi ne a sami masu wannan himma a cikinmu, malaman makaranta da ɗaliban tarihi da attajirai masu son ilmi, waɗanda za su tara da niyyar tsarewa, su rubuta daga hannun wa suka saya, a wane gari, a wace shekara, kuma gidaje irin su Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna su buɗe kundin da iyalai za su kawo lambobinsu a ɗauki hoto a rubuta bayani, su koma da abinsu gida. Kafin wannan ya samu, aikin yana wuyan kowane mai gida. Mazan Bama da suka rage 'yan ƙalilan ne, amma matansu da 'ya'yansu na fari, waɗanda suka ji labari daga bakinsu, suna nan tukuna. Ina roƙon duk wanda yake da irin wannan akwati a gidansu, kada ya jira faretin tunawa da mazan jiya na 15 ga Janairu: ya buɗe shi cikin makon nan, ya zauna gaban babban da ya rage a gidan da takarda da alƙalami, ya rubuta cikakken sunan mai lambar da na mahaifinsa, da garinsu, da lambar aikinsa, da bataliyarsa, da inda aka kai shi, da shekarar da ya komo, ya sa sunan wanda ya ba shi labarin da kwanan wata a ƙasa, sa'an nan ya naɗe takardar tare da lambobin a wuri ɗaya.